Famfo a Cikin Kwamfuta: Tarihin Sanyaya Na'ura da Ruwa

Tun yaro yana rarrafe ake kwaɓarsa kada ya kai ruwa kusa da wayar lantarki. Amma a ƙarshen shekarun 1960, duk hukumar da ta sayi kwamfuta mafi sauri ta kamfanin IBM sai ta nemo mai aikin famfo kafin ta kunna ta. Na'urar System/360 Model 91, wadda ta fara aiki a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a 1968, da bututun ruwa ta zo a cikinta, kuma in ruwan ya tsaya ita ma ta tsaya.

Dalili bai wuce ɗaya ba. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. ENIAC, wadda aka bayyana wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, tana kuma shan kilowat 150, manyan fankoki ne ke kwashe hucinta. UNIVAC I ta 1951 tana shan kilowat 125, a nan kuwa ruwan sanyi ne ke sanyaya iskar da ake hura mata. Da taransista ta maye gurbin kwalba an ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Kowace taransista zafinta kaɗan ne, sai dai injiniyoyi sun yi ta cusa su dubbai a ɗan wuri don saƙo ya yi saurin kaiwa, har iska ta gaza. Ruwa kuwa, in aka auna shi da iska kofi da kofi, yana ɗaukar zafin da ya ninka na iskar kusan sau 3,500 kafin ya ɗumama daidai da ita.

Tun daga lokacin, duk wanda ya kai ruwa cikin kwamfuta tambayoyi uku ne ke gabansa: me zai tura ruwan, ta ina zai bi, kuma ina iskar da ta maƙale a bututu za ta fita.

Tsarin da IBM ya kafa

A Poughkeepsie ta jihar New York aka fara amsa su, kuma sunan da ya fi fitowa shi ne Richard Chu, injiniyan da ya shiga IBM a 1960. A Model 91 ruwa bai taɓa kayan lantarki ba. An jera allunan lantarki hawa-hawa, iska na ratsa su daga ƙasa zuwa sama, sai aka sa ƙananan lagireto masu ruwan sanyi a tsakanin hawa da hawa, ta yadda iskar da ta ɗumama a ƙasa za ta huce kafin ta kai na sama.

Babban aikin yana cikin wani kabad da ke gefe, wanda aka fi sani da CDU, mai rarraba ruwan sanyaya. Shi ne ya raba ruwa gida biyu. Ruwan gini, wanda ke fitowa daga injin sanyi na mai kwamfutar, ba ya shiga na'ura ko kaɗan, domin ba a san irin dattin da ya kwaso ba. Na'ura tana da nata tsabtataccen ruwa mai zagaye a rufe, su biyun suna musayar zafi ta bangon ƙarfe ba tare da sun gauraya ba. Akwai bawul da ke hana ruwan na'ura yin sanyi fiye da kima, don in bututu ya fi iskar ɗaki sanyi sosai sai ya yi zufa, raɓa ta ɗiga kan lantarki. Akwai tankin da ke ba ruwa wurin kumbura in ya ɗumama. Famfo kuma biyu ne, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana, yana tashi da kansa da zarar na farko ya mutu.

A 1980 IBM ya sanar da na'urar 3081, a nan ne ruwa ya matso dab da silikon. An shirya guntayen silikon kimanin 100 a kan faranti ɗaya na tangaran. A kan kowane guntu akwai ɗan fistin na alminiyom da sifirin ke dannawa, an cika cikin akwatin da iskar hiliyom saboda ta fi iskar shaƙa kai zafi, a can sama kuma aka ɗaure farantin da ruwa ke ratsawa. Akwati ɗaya, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, yana iya fitar da wat 300. Ma'aikaci na iya kwance farantin ruwan ya canja akwatin ba tare da ya buɗe bututu ba.

Seymour Cray wata hanya ya bi. Kwamfutar CDC 6600 da ya tsara, wadda ta fito a 1964, da iskar Freon ake sanyaya ta kamar firji, haka ma Cray-1 da aka kai Los Alamos a 1976. A Cray-2 ta 1985 allunan sun matsu har babu inda bututu zai ratsa, sai ya tsoma su ɗungurungum cikin Fluorinert, wani ruwa na kamfanin 3M da ba ya ɗaukar lantarki. Ruwan yana kwarara ta cikin wata hasumiya mai gilashi a gefen na'urar, baƙi suna tsayawa kallo.

Sai kwatsam ruwa ya ɓace. Fasahar CMOS, wadda ba ta shan wuta sosai sai lokacin da taransista ke sauya hali, ta kai ƙarfin da za ta ɗauki manyan ayyuka. A 1994 IBM ya fito da manyan kwamfutocin 9672 masu sanyaya da fanka kawai, kamfanoni suka shiga cire bututu daga ƙarƙashin daɓen ɗakunan kwamfuta.

Famfon kifi da lagireton tsohuwar mota

Waɗanda suka tsinci sana'ar ba ma'aikatan kamfani ba ne. Matasa ne masu wasan kwamfuta da suka gano cewa furosesa mai araha tana iya gudun mai tsada in aka ƙara mata wuta. Celeron 300A ta Intel, ta 1998, ita ce ta yi tashe: an sayar da ita a megahaz 300, mutane suna tura ta 450. Ƙarin gudu ƙarin zafi ne, fankokin lokacin kuwa ƙara ce da su kamar injin markaɗe.

Babu kantin da ke sayar da kayan sanyaya kwamfutar gida da ruwa, don haka kowa ya nemi abin da ke kusa. Famfo daga kantin masu kiwon kifin ado ake samunsa, musamman ƙirar Eheim ta Jamus, 1046 da 1048 da 1250, waɗanda aka ƙera don su shekara suna aiki ba hayaniya. Lagireto kuma daga wurin 'yan gwangwan: ɗan ƙaramin lagireton hita na mota, wanda ke ɗumama cikinta lokacin sanyi. Na Chevrolet Chevette da na Pontiac Bonneville ta 1977 sun yi suna saboda girmansu ya dace da akwatin kwamfuta. Farantin da ke zama kan furosesa, mutum ne zai sayi curin jan ƙarfe ya huda masa hanyoyi da injin huji, ya toshe bakunan. Wasu ma sun zarce, suka kafa bututun roba a tsaye da kan shawa a ciki, ruwa na zubowa fanka na hurawa, yana yin sanyi ta hanyar tururi kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Tsarin ya yi aiki, amma ɗaki yakan jiƙe da laima, kuma kullum sai an ƙara ruwa.

Daga cikin irin waɗannan ne ƙananan kamfanoni suka tsiro: Danger Den a jihar Oregon, Swiftech a California, Koolance a jihar Washington, Innovatek da Aqua Computer a Jamus, sai EK Water Blocks da Edvard König ya kafa a Slovenia a 2003. Sannu a hankali suka haɗu kan ma'auni ɗaya na mahaɗan bututu, G1/4, wanda zaren murɗawarsa ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a Ingila a 1841.

Sun koyi darasi da dama da kuɗinsu. Wanda ya haɗa jan ƙarfe da alminiyom a zagaye ɗaya, bayan watanni sai ya tarar alminiyom ɗin ya zagwanye, domin ƙarafan biyu a cikin ruwa ɗaya tamkar batir suke zama. Wanda ya zuba ruwan famfo ya ga gansakuka da farin gishiri sun toshe hanya. Daga nan aka koma tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin mota, a ɗiga masa maganin kashe ƙwayoyi ko a jefa ɗan zirin azurfa a tanki.

Gardamar kauri da gardamar jeri

Shekarun farko na 2000 sun raba masu wannan harka gida biyu. Amurkawa sun yarda da tiyo mai kauri, rabin inci, da famfo mai ƙarfi, ruwa na ambaliya. Jamusawa sun fi son siririn tiyo na milimita 6 ko 8 da ƙaramin Eheim mai shiru. Kowane ɓangare yana da hujja. Ruwa mai gudu yana kwashe zafi daga ƙarfe da kyau, amma ribar tana raguwa yayin da gudun ke ƙaruwa, kuma babban famfo nasa zafin yake zubawa a cikin ruwan. Daga baya aka tsaya a tsakiya: galan ɗaya a minti, wato kusan lita 4, ya zama abin da ake nema, abin da ya haura nan bai cika canja komai ba.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta jeri. Shin ruwa ya fara bi ta furosesa ne ko ta katin hotuna? Shin dole a sa lagireto a tsakaninsu don kada ɗaya ya sha ruwan zafin ɗaya? Hankali yana cewa dole, lissafi kuwa ya ce a'a. Lita 4 a minti ita ce kusan giram 67 a daƙiƙa, kowane giram na ruwa kuma yana bukatar jul 4.18 kafin ya hau digiri ɗaya na Salshiyas. Ke nan sai an zuba wat 280 kafin zafin ruwan ya ƙaru da digiri ɗaya. Kwamfutar da ke fitar da wat 500 gaba ɗaya, bambancin wuri mafi zafi da wuri mafi sanyi a zagayenta bai kai digiri 2 ba. Ruwan yana zagayawa da sauri har ya zama kusan zafi ɗaya ko'ina. Abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin lagireto da yawan iskar da ke ratsa shi, don haka aka bar wa magini ya bi gajeriyar hanya mai ƙarancin lanƙwasa.

Doka ɗaya ce ta tsira daga gardamar: tanki ya kasance dab da bakin famfo, kuma sama da shi. Irin waɗannan famfuna ba sa iya zuƙo ruwa in akwai iska a cikinsu, sai dai ruwa ya gangaro musu. Tankin ne kuma inda kumfar da ke yawo take tasowa sama ta rabu da ruwa. Masu tsumulmular wuri sukan bar tanki su sa mahaɗa mai baki uku da tiyo a tsaye, ta nan ake cikawa, amma fitar da iska ta wannan hanya yakan ci kwanaki. Abu na biyu da gogewa ta koyar shi ne a bar bawul na zubarwa a wuri mafi ƙasa, don ranar wanki.

Famfon da ya zo daga tukunyar wanka

Kimanin tsakiyar shekarun 2000 famfon kifi ya ba da wuri. Yana amfani da wutar bango, ba ta kwamfuta ba, kuma sabbin faranta masu sirara-siraran hanyoyi suna bukatar turi mai ƙarfi. Magajinsa daga kamfanin Laing na Jamus ya fito, kamfanin da aikinsa shi ne famfunan zagaya ruwan zafi a gidaje da na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana. Ƙira biyu, D5 da DDC, suka mamaye kasuwa, Swiftech na sayar da su da sunan MCP655 da MCP350. Kamfanin ITT ya sayi Laing a 2009, sashen ya koma Xylem a 2011, amma sunayen biyu na nan har yau.

Wanda ya kwance D5 zai yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Babu sandar juyi, babu robar toshe yoyo a jikin sanda. Farfela ce mai siffar rabin ƙwallo da maganaɗisu a cikinta, tana zaune a kan ɗan ƙwallon tangaran guda ɗaya wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wutar da ke zagaye da ita ce ke juya ta, ruwan da take turawa kuma shi ne man da ke shafe ƙwallon. Shi ya sa kunna ta a bushe ke cinye ta cikin ɗan lokaci, shi ya sa kuma masu cika sabon zagaye suke kunnawa su kashe kafin tanki ya ƙare, su ƙara ruwa su sake kunnawa, suna karkata akwatin hagu da dama don kumfa ta fito, da takardar goge hannu a ƙarƙashin kowace mahaɗa ana duba ɗigo.

D5 tana kai lita 1,500 a awa, tana iya ɗaga ruwa kusan mita 4, ruwan da ke ratsa ta ne kuma ke sanyaya ta. DDC ƙarama ce, ba ta kai ta yawan ruwa ba amma ta fi ta turi, don haka ta dace da matsattsen akwati, sai dai gindinta yana zafi yana son iska. Wanda ya sa famfo biyu, in ya jera su ɗaya bayan ɗaya turinsu ne ke haɗuwa, kuma in ɗaya ya mutu ruwa na ci gaba da ratsa shi. In ya sa su kafaɗa da kafaɗa yawan ruwa ne ke ƙaruwa, amma ranar da ɗaya ya tsaya sai ruwa ya juyo da baya ta cikinsa. Saboda haka jeri ya zama al'ada.

Manyan kamfanoni sun leƙo. A watan Yuni na 2004 Apple ya fito da Power Mac G5 mai furosesa biyu na gigahaz 2.5 da rufaffen tsarin ruwa a ciki, wasu daga cikinsu suka yi yoyo bayan shekaru. Wanda ya kai ruwa kwamfutar kowa da kowa shi ne Asetek na Denmark, da ya ɗora ƙaramin famfo a kan farantin furosesa kai tsaye, ya haɗa da lagireto, ya cika ya rufe tun daga masana'anta. Corsair H50 ta 2009 ƙirarsa ce. Asetek ya yi rajistar haƙƙin wannan ƙira, ya kuma kare ta a kotu, inda a 2014 masu taya alƙali yanke hukunci a California suka ba shi gaskiya kan kayayyakin Cooler Master. Wasu masu ƙera irin na'urar sai suka mayar da famfonsu cikin lagireto ko tsakiyar tiyo don kauce wa shari'a. Tsohuwar dokar iska ba ta bar wannan tsari ba: tun da babu tanki, kumfa tana taruwa a wuri mafi tsayi, saboda haka ba a son famfo ya zama shi ne a sama.

Komawar ruwa manyan ɗakuna

Daga baya CMOS ma ta ƙure, zafinta ya soma fin ƙarfin fanka. A 2005 IBM ya fara sayar da ƙofar bayan kabad mai lagireton ruwa, a 2008 kuma kwamfutarsa Power 575 ta dawo da farantan jan ƙarfe kan furosesa. Sabon abin da aka gano shi ne ba dole ruwan ya yi sanyi ba. Furosesa tana aiki lafiya a digiri 80, don haka ruwan ɗumi ma ya ishe ta. Kwamfutar Aquasar, da aka kunna a jami'ar ETH ta Zurich a 2010, da ruwa mai digiri 60 take aiki, zafin da ya fito kuma ana ɗumama ginin jami'ar da shi. SuperMUC da ke kusa da Munich ta bi sahu a 2012.

Ƙirƙirarriyar basira ce ta rufe ƙofar komawa ga fanka. Google ya sanar a 2018 cewa na'urorinsa na TPU zubi na uku da ruwa ake sanyaya su. Guntun H100 na Nvidia yana kai wat 700, kabad ɗin GB200 NVL72 na 2024 kuma yana shan kimanin kilowat 120. A Oak Ridge ta jihar Tennessee, kwamfutar Frontier, wadda ta zama ta ɗaya a duniya wajen sauri a 2022, tana da famfuna huɗu masu ƙarfin doki 350 kowanne, suna tura galan 6,000 a minti, sama da lita 22,000. A wannan girma jeri ba ya yiwuwa. Manyan bututu biyu ne ke tsaye a bayan kabad, na kaiwa da na dawowa, kowace na'ura tana ɗiban rabonta ta mahaɗan da ke toshe kansu da zarar an zare su, kuma aikin injiniya shi ne ya daidaita rabon don kada ta kusa ta sha ta bar ta nesa da ƙishi. A gida ma katin hotuna na RTX 4090 na 2022 yana shan wat 450, RTX 5090 na 2025 wat 575, abin da ya sa lagireto biyu ko uku a akwati ɗaya ya daina zama abin mamaki.

Akwai iyakar da famfo ba ya tsallakewa. Lagireto ba ya mai da ruwa ya fi iskar da ke ratsa shi sanyi. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ta ASHRAE ta kasa ruwan cibiyoyin bayanai aji-aji, daga W17 zuwa W45 da abin da ya haura, lambar tana nuna iyakar zafin ruwan da ake kai wa na'ura. A Munich ko Zurich, iskar waje kaɗai ta isa ta huce ruwa mai digiri 40 kusan duk shekara. A Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai, inda ma'auni ke haura 40 a watan Afrilu, cibiyar da ta zaɓi wannan tsari sai ta ƙara injin sanyi mai shan wuta ko hasumiyar da ke ƙone ruwa ya zama tururi, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe ƙofofin lagireto. Mai kwamfutar wasa a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki lissafi ɗaya ne da su: in ɗakin yana digiri 38, ruwansa zai zauna kusa da 48 ko da zagayen ya tsaru, famfunan D5 da DDC kuwa digiri 60 ne iyakar da masu ƙera su suka gindaya.